Buɗe port don sabar Minecraft a rautar gida

Kana son abokanka su shigo sabar Minecraft da ke kwamfutarka ta gida. Sai ka buɗe musu port, wato ƙofa mai lamba da za su bi ta rautar su iso kwamfutar. Buga 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 a burauza don shiga shafin saitin rautar, nemo sashen Port Forwarding, sa 25565 (port ɗin Minecraft Java Edition) a gurbin port na ciki da na waje, zaɓi TCP, ka rubuta adireshin IP na kwamfutar. Kafe adireshin a sashen DHCP, inda rauta ke raba wa na'urori adireshi, don da an ɗauke wuta rauta ta sake tashi, yana iya canzawa.

Amma fara duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin intanet ya ba rautar. In farkonsa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin intanet ya haɗa ku da yawa kan adireshi ɗaya, wato CGNAT. Na sha ganin haka a rautoci masu layin waya. Nan kam saiti ba zai yi ba, sai kamfanin ya ware maka naka adireshin.