Yaya ake zana faifan da ba a iya gani?

Tambaya: Malam, na ji ana zana taswirar faifan gas da ke kewaye wasu taurari, alhali ko a babbar na'urar hangen nesa ɗigo ɗaya ake gani. Ta yaya?

Amsa: Husufi ne ke yin aikin. Ɗauki Z Chamaeleontis, wasu taurari biyu da ke kusa da juna. Farin wadan tauraro, wato ɗan ƙaramin curarren tauraro da makamashinsa ya ƙare, shi ne ke zuƙar gas daga wani ƙaramin jan tauraro, gas ɗin ya taru ya zama faifai kewaye da farin wadan, su biyun suna zagaya juna cikin minti 107. Da yake ta gefe muke kallonsu, a kowane zagaye jan tauraron yana gittawa ta gaban faifan, ya rufe shi kaɗan-kaɗan kamar ana jan labule. Lokacin da haske ya ragu shi ke nuna sashen da aka rufe.

Ka riƙa auna hasken duk bayan 'yan daƙiƙu, don farin wadan yakan ɓace cikin ƙasa da minti ɗaya. Za ka ga faɗuwar haske biyu masu kaifi: ta farin wadan, da ta wani wuri mai zafi a bakin faifai inda gas ke zubowa. Kafin zana taswira, ana buƙatar sanin karkatar zagaye, wato kusurwar da muke kallonsu daga ita, da rabon nauyin taurarin, amma tsawon husufin farin wadan shi kaɗai ba zai raba maka su ba, sai ka haɗa da lokacin ɓacewa da bayyanar wurin zafin.

Daga nan sai hanyar da masanin taurari Keith Horne ya fito da ita a 1985: a yanka faifan gida-gida a kwamfuta, a yi ta gyara hasken kowane gida har lissafi ya dace da awo. Nan ake tuntuɓe. Taswirori da yawa za su dace da awo guda, shi ya sa ake sa kwamfutar ta zaɓi wadda ta fi santsi, abin da ke gefe ɗaya kuma yakan baje ya zama zobe. Hasken faifai yana kuma yin ƙyaftawa, don haka a tara husufi da yawa a ɗauki matsakaici. Idan bakin faifan ya yi kauri, yakan kare tsakiyar, ta fito kamar ta fi sanyi.

A faifan da ya daidaita, wato wanda gas ke ratsa shi ba ƙari ba ragi, idan nisa daga tsakiya ya ninka sau 16, zafi yakan ragu kusan sau 8. Faifan Z Chamaeleontis yana bin wannan ƙa'ida lokacin da haskensa ya tashi, amma idan ya lafa zafin kusan ɗaya ne daga ciki har waje.