Me zai kai mutum daji, alhali ga hanya a gari?

Yaya, wannan tambayar taka ita ce dattawanmu na nan Landan ke yi wa 'ya'yansu: ga hanya shimfiɗe a cikin gari, me zai sa mutum ya shiga daji ya dawo da taɓo har ƙauri?

Yawancinmu 'yan hanyar gari ne. Wanda likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, sai ka gan shi a gefen Regent's Canal, mashigin ruwan da aka kammala a 1820 don jiragen dakon kaya. A da dawakai ke jan jiragen daga bakin ruwa, hanyar dawakan ce yau ta zama ta masu tafiya a ƙasa. Ba tudu ba kwari, mata na tura keken jarirai suna hira, in ka gaji ka haura titi ka tari bas. Illarta 'yan keke. Ƙararrawa kawai za ka ji a bayanka, ga ruwa a gefe, wurare da yawa ba shinge. Kuma kankare ba ya tausayin gwiwar dattijo.

Daji kuwa, Epping muka fi zuwa. Jirgin ƙasa na layin Central line zai sauke ka a tashar Loughton, ka taka kaɗan ka shiga. Kada ka ɗauka irin dajin da ake tsoro ne: tun 1878 doka ta hana a killace shi ko a yi gini a ciki, mahukuntan tsohon birnin Landan ke kula da shi. Sai dai ƙasarsa yumɓu ce, in an kwana ana ruwa takalmin gari ba ya fita da mutunci. Da zafi kuma akwai kaska a cikin ciyawa, wadda kan sa cutar Lyme, shi ya sa muke cusa ƙafar wando cikin safa, in an dawo gida iyaye mata su duba bayan gwiwa da bayan kunnen yara.

Abin da ya fi hana mutanenmu shiga shi ne karnuka. A daji ake kwance musu igiya, kare ya sheƙo ya dafa ka, mai shi na murmushi wai wasa yake yi. Ko da malaman Malikiyya sun ce yawun kare ba najasa ba ne, zuciyar Bahaushe ba ta yarda. Ga kuma hunturu: a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, kana idar da La'asar Magariba ta taho, babu mai son duhu ya same shi cikin itatuwa.

Ni dai na fi son dajin, don ƙasa mai laushi ta fi wa ƙafa daɗi, kuma hawa da gangara na sa mutum haki fiye da awa guda a kan kwalta. Yaran da aka haifa a nan su ke ja mana gaba, makaranta ta saba musu da karanta taswira. Dattawa kan yarda su biyo mu da bazara, bisa sharaɗin ba za a sauka daga faffaɗar hanya ba, kuma a fito kafin lokacin salla.