Amsa ga Hajiya kan Roblox: kuɗin da aka cire da baƙon da ke neman lambar yaro

(An rubuta wannan daga muryar da aka turo guruf ɗin iyayen yara, saboda waɗanda suka ce data ba ta barinsu su saurara.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari muryarki har sau biyu. Bari in maimaita tambayar saboda waɗanda ba su ji ba. Yaronta ɗan shekara goma yana buga wasan Roblox a wayarta. Ta ga alat na cire kuɗi sau uku ba ta san na mene ne ba, da ta leƙa kuma ta tarar wani yana masa magana a cikin wasan, wai ya ba shi lambar WhatsApp zai turo masa Robux, kuɗin cikin wasan, kyauta. Tana tambaya ko kuɗin zai dawo, ko akwai dokar da ta hana irin wannan, ko kuwa ta goge abin kawai kowa ya huta.

Hajiya, kar ki goge tukuna. Zan faɗi dalili idan na zo kan kuɗi.

Abu na farko, mu daina ɗaukar Roblox kamar Ludo. Tun 2006 yake, kuma kamfanin fili kawai ya shimfiɗa, mutane ne ke shiga suna gina wasanni a ciki, miliyoyi. Ki ƙaddara kasuwar Sabon Gari ce: akwai rumfuna, akwai kuɗin da ake ciniki da shi wato Robux, akwai yara, akwai manya, akwai 'yan damfara. Yaro yana kwance a kan kujerar falo kusa da ke, amma a zahiri yana tsakiyar kasuwa shi kaɗai. Minecraft ma haka yake idan aka shiga sabar jama'a, wato filin da kowa ke iya shiga, Free Fire da PUBG su kuma har magana da murya ake yi da wanda ba a taɓa gani ba.

To, ga inda matsalar yawancinmu take, kuma a nan zan daɗe. Ranar haihuwar da aka rubuta lokacin buɗe asusu, ita ce makulli na farko. Idan aka sa shekarun yaro na gaskiya, wasan da kansa yake ɗaure abubuwa. A Roblox, ɗan ƙasa da shekara 13 matatar hirarsa ta fi tsanani: ya rubuta lambar waya ko sunan unguwa, sai ki ga abin ya koma alamar ####. Tun Nuwamba 2024 kuma suka hana 'yan ƙasa da 13 aika saƙon sirri a wajen wasa. Amma me muke yi? Uwa ta miƙa wayarta mai asusun Google nata, ko yayan yaron ya buɗe masa ya rubuta 1998 don kar a hana shi wasu wasanni. Shi kenan, a wurin kamfani wannan yaron magidanci ne ɗan shekara ashirin da wani abu. Ƙofofi da yawa da aka rufe saboda yara an buɗe masa, da hannunmu. 

Saboda haka yau da daddare, ki zauna da shi, ba da faɗa ba, ki ce ya buɗe miki setin ɗin asusunsa ki ga shekarar da ke ciki. In ƙarya ce, a gyara, in ta ƙi gyaruwa a buɗe sabo da ta gaskiya. Sai ki buɗe naki asusun na Roblox a matsayin uwa, za su nemi ki tabbatar ke babba ce da katin shaida ko katin banki, sannan ki haɗa da nasa ta wurin da aka rubuta Parental Controls. Daga wayarki za ki ga jerin abokansa, ki sa iyakar awannin da zai yi a rana, ki sa iyakar kuɗin da zai kashe a wata, sifiri ma ana sawa. Akwai kuma matakan wasanni guda huɗu, Minimal, Mild, Moderate da Restricted. Ɗan shekara goma ki tsayar da shi a na biyu. Na ƙarshen na manya ne zalla.

Yanzu maganar wannan baƙon, wadda ta fi kuɗin muhimmanci a ganina. Babu wani abu wai shi Robux kyauta. Masu faɗin haka iri biyu ne. Na farko ɓarawon asusu ne: zai turo adireshin wani shafi mai kama da na Roblox sak, yaro ya rubuta suna da kalmar sirri, kafin la'asar an kwashe kayan da ke ciki an canza makulli. Na biyu shi ne mai hatsarin. Ba asusu yake so ba, yaron yake so ya fitar daga inda matata ke aiki zuwa WhatsApp ko Discord ko Snapchat, inda ba mai tace magana. Tafiyar kusan iri ɗaya ce kullum: kyauta, yabo, "kai ne babban abokina", "kar ka faɗa wa mama", daga nan sai neman hoto. Da hoto ya shiga hannunsa sai murya ta canza, a koma barazana: turo kuɗi ko in watsa. Kar kowa ya ce wannan abin Turawa ne. A Yulin 2024 kamfanin Meta mai Instagram ya sanar da rufe asusun Instagram kimanin 63,000 daga nan Najeriya saboda irin wannan damfarar ta hotunan tsiraici. Kuma yara maza ake yawan kamawa da ita, su da muke sakin jiki da su.

Abin da za ki yi, bi da bi. Ki ɗauki hoton allo na hirar gaba ɗaya, sunan asusun mutumin ya fito, da rana da lokaci. Sai ki kai rahotonsa a cikin wasan, akwai maɓallin Report, sannan ki toshe shi. Kar ki fara da toshewa, hirar na iya ɓace miki. Ki canza kalmar sirri, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lambar ta riƙa zuwa imel ɗinki. Sannan ki tambayi yaron a hankali ko ya riga ya ba da lambar. In kika fara da tsawa ko ƙwace waya, gobe in wani ya sake masa magana ba za ki taɓa ji ba, kuma abin da mai farautar ke so ke nan.

Muryar ta yanke, ga ci gaba.

Yauwa, kan doka. Neman lambar waya shi kaɗai bai kai laifin da za a gurfanar da mutum ba, gaskiya ke nan. Amma da zarar maganar ta karkata zuwa batsa, ko neman hoto, ko neman haɗuwa da yaro da wannan nufin, sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya kama shi, kuma yaro a dokar shi ne duk wanda bai kai 18 ba. Mu nan Kaduna muna da dokar kula da kare yara ta jiha ta 2018 a kan wannan. Ana kai ƙara wurin 'yan sanda, suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta ƙasa, ko wurin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Don Allah jama'a ku ji wannan da kyau: in har akwai hoton tsiraicin yaro a ciki, kar wanda ya tura shi guruf da sunan "a ga abin da ke faruwa", ko ya tura wa ƙanwarsa don neman shawara. Yaɗa shi laifi ne a ƙarƙashin wannan sashen, ko da niyyarka mai kyau ce. A bar shi a wayar a kai wa hukuma. Kuma kar a biya mai barazana ko sisi, in an biya sau ɗaya dawowa yake yi. Akwai wani shafi mai suna Take It Down na cibiyar kare yara ta Amurka, NCMEC, kyauta ne, yana ɗaukar wata lamba ta musamman daga hoton ba tare da hoton ya bar wayar ba, manyan shafuka su yi amfani da ita su sauke shi.

Ta ɓangaren kamfanonin kuwa, dokar da ta fi tsorata su ta Amurka ce, COPPA, ta 1998, wadda ta hana tara bayanan ɗan ƙasa da 13 ba da izinin iyaye ba. Daga nan wannan lambar 13 da kuke gani ko'ina ta samo asali, ba wai don yaro ya yi hankali a 13 ba ne. An ci YouTube tarar dala miliyan 170 a 2019 a kanta. A Disamba 2022 kamfanin Epic mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520: miliyan 275 tara, miliyan 245 kuma na mayar wa mutane kuɗinsu, saboda an tsara maɓallan yadda taɓawa ɗaya cikin kuskure ke zama saye. Kin ga ke nan, ba lallai yaronki ɓarawo ba ne, wani lokaci akan gina abin ne don hannu ya zame. Mu ma muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, sashe na 31 ya ce sai da yardar uwa ko uba ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ce ke karɓar koke. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, kamfanin Roblox yana Kalifoniya, sharuɗɗan da aka danna "na yarda" ba a karanta ba sun tura rigima zuwa can. Ba wanda zai tashi daga Gyallesu a Zariya ya bi 'yan dubbai har Amurka. Hanya mai ɓullewa ita ce ta Google ko Apple.

To ga kuɗin. Ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki a sama, ki shiga wurin biyan kuɗi da rajista, ki duba tarihin sayayya. Ki lura da ranakun. In cirewar ta zo rana ɗaya a kowane wata, to ba saye ba ne, rajista ce ta wata-wata mai sabunta kanta, kuma goge wasan daga waya ba ya tsayar da ita. Shi ya sa na ce kar ki goge: mutane sukan goge su yi wata shida ana cirewa. Sai kin shiga kin soke ta da hannu. In kuwa saye ne ɗai-ɗai, ki nemi a mayar miki ta shafin Google Play, ki zaɓi dalilin cewa wani a gida ya saya ba da izini ba. Cikin awa 48 na farko aka fi samun nasara, bayan nan sukan tura ki ga kamfanin wasan. Masu iPhone su je reportaproblem.apple.com. Abin da ba na ba da shawara shi ne a ruga banki a ce a janyo kuɗin da ƙarfi, domin Roblox kan rufe asusun da aka yi wa haka, duk abin da yaro ya tara ya tafi. Bayan nan ki cire katin daga Play Store, ko ki sa a riƙa neman kalmar sirri a kowane saye. Kalmar sirri fa, ba zanen buɗe waya ba, wanda yaro ya haddace tun yana aji ɗaya. Mafi kyau ki sauke Family Link, manhajar Google ta iyaye, ki buɗe masa asusun Google na yara, duk abin da zai sauke ko zai saya sai saƙo ya zo miki kin amince.

Malam da ya tambaya ko akwatin sa'a na Free Fire caca ne: ka biya kuɗi na gaske, ba ka san abin da zai fito ba, yawanci tarkace ne, ka sake biya. Hukumar caca ta Beljiyam ta yanke tun 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne. A Janairun 2025 masu wasan Genshin Impact sun amince su biya dala miliyan 20 a Amurka, aka kuma hana su sayar da irin akwatunan ga ɗan ƙasa da 16 sai da izinin iyaye. Hukuncin shari'a na bar wa malamanmu na guruf, amma ni dai ban ga abin da ya raba shi da kalo-kalo ba sai kyan zane.

Wani abu kuma da samari ke yi a wajen Samaru da Kongo, sayar da asusun wasa, wai an kai mataki kaza, akwai kaya masu tsada. Ku gaya musu a sharuɗɗan kamfanonin nan kayan ba mallakarsu ba ne, izinin amfani kawai aka ba su, kuma sayar da asusu haramtacce ne a wurinsu. Wanda ya sayar yana iya komawa da imel ɗin asali ya ƙwace abinsa bayan sati, mai saye ba shi da inda zai kai kuka, don cinikin tun farko ya saɓa ƙa'ida. Hanyar halal ta samun kuɗi a Roblox ita ce yaro ya koyi gina wasa da manhajar Roblox Studio a kwamfuta, da yaren kwamfuta na Luau ake rubuta shi, kuma in ya kai 13 ya tara Robux 30,000 daga aikinsa yana iya neman a canza masa zuwa dala. Kaɗan ne ke kaiwa can, amma koyon rubuta manhajar ba asara ba ne.

Hajiya, in kin duba tarihin sayayyar ki turo hoton allo mu gani ko rajista ce ko saye, amma ki rufe sunan asusun yaron da lambobin katinki kafin ki turo. Na ji an kira magariba, sai an jima.