Amsa ga uwar da ke tunanin kai ɗanta makarantar kwana

'Yar'uwa, kin yi tambaya ko kai ɗanki mai shekara 9 makarantar kwana zai bar masa wani tabo idan ya girma, ganin cewa mahaifinsa ya dage a kan hakan ne zai sa ya tsaya da ƙafarsa. Ni an kai ni ina da shekara 11, na yi shekara 6 a can, yanzu kuma na haura 40, saboda haka abin da na gani a kaina zan gaya miki.

Mahaifin nasa bai yi ƙarya ba. A can na koyi wanki da guga, da tashi da ƙararrawa, da lallaɓa ɗan guzirina har ƙarshen zango, da zama da mutanen da halinmu bai zo ɗaya ba. Aminaina na yau ma yawancinsu a ɗakin kwana na same su.

Sai dai akwai wani darasi da ba a rubuta shi a allo. A darenmu na farko, bayan an kashe fitila, ina jin shessheƙa tana tashi daga gadaje daban-daban, kowa ya cusa fuskarsa a matashin kai don kada siniyoyi su ji su mayar da shi abin dariya. Da gari ya waye babu wanda ya tayar da maganar. Kafin wata guda duk mun daina, ba don kewar gida ta tafi ba, sai don mun fahimci cewa kuka ba ya kawo kowa. Ranar ziyara ta farko mahaifiyata ta tambaye ni yadda nake, na ce mata lafiya lau, alhali akwai gyambo a ƙafata na rufe shi da safa, domin na san irin wahalar da suka sha kafin su biya kuɗin makaranta, ina ganin butulci ne in kawo ƙara.

Wannan "lafiya lau" ɗin ita ce ta biyo ni har gidan aure. Na taɓa yin kwana uku da zazzaɓi ina zuwa wurin aiki ban gaya wa matata ba, da ta gane kuwa ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce na mayar da ita baƙuwa. Ni ban ga laifina ba a lokacin, a tunanina ina sauƙaƙa mata ne. Har yau neman taimako yana yi mini nauyi, ina cin abinci da sauri kamar za a ƙwace, kuma duk ranar da zan haɗa kaya don tafiya sai in ji irin nauyin ƙirjin da nake ji a ranar ƙarshe ta hutu.

Daga baya na gano cewa ba ni kaɗai ba ne. Joy Schaverien, wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Ingila, inda akan kai wasu yara tun suna shekara 7 ko 8, ta yi rubutu a 2011 a kan manyan da suka taso haka: a waje sun iya komai, amma kusantar iyali tana yi musu wuya. Adalci shi ne a ce waɗanda suka je neman taimako wurinta ta duba, kuma na san abokai da suka fito ba tare da wannan matsala ba, musamman waɗanda aka kai da ɗan wayonsu kuma da yardarsu.

A ganina shekara 9 ta yi kaɗan, idan ba larura ce ta tilasta ba. Ku bari ya gama firamare. In kuma an yanke shawara, ki bincika ko akwai babban mutum da ke kwana kusa da yaran, da irin ikon hukunci da aka bai wa siniyoyi, da sau nawa za a bari ya kira gida. Idan ya dawo hutu kada ki tsaya a "ya makaranta?", domin amsar a shirye take. Ki tambaye shi wa yake tasa idan ciwo ya kama shi da tsakar dare, sannan ki duba ƙafarsa da kanki.