Dutse ne, ko tudun taɓo? Amsoshin tambayoyinku

Wani malamin makarantar sakandare daga Damagaram ya rubuto cewa ya ji a rediyo an ce "dutse mai aman laka" a ƙasar Azarbaijan. Yana tambaya: Malam, wannan Hausa ce kuwa, kuma laka ce daidai ko taɓo?

Malam, Hausa ce, amma an ɗinka ta ne a kan rigar wani. Mun saba da "dutse mai aman wuta", shi ya sa mai fassara ya cire wuta ya sa laka ya wuce. Matsalar ita ce abin da ake magana a kai ba dutse ba ne, kuma galibi ba narkakken dutse ke tura shi ba. Ga yadda yake faruwa. A wasu wurare, kamar kwarin da ke kudancin Tekun Kasfiya, ƙasa mai laushi ta yi ta taruwa a ƙarƙashin ruwa da sauri har kaurinta ya haura kilomita 20. Ruwan da ke cikinta bai samu hanyar fita ba. Ragowar tsirrai da ƙananan halittun da aka binne tare da ita suka ruɓe suka zama iskar gas, mafi yawanta misen, wadda ake girki da ita. Nauyin sama yana danna su, su kuma suna neman kafa. Da zarar sun sami tsaga, sai su taso tare da ƙasar da suka jiƙa. Ruwan yakan zo da gishiri, wani lokaci da ɗigon ɗanyen mai yana ƙyalli a kansa.

Wanda ya tsaya bakin ƙaramin irinsa a Gobustan, kudu da Baku, babban birnin Azarbaijan, abin da zai gani shi ne tudu launin toka da bai fi tsayin mutum ba, da rami a ƙoƙonsa. Ƙasar ta kumbura ta yi ƙwallo, ta ce "ɓul", ta fashe, wata ta biyo baya, kamar talgen tuwo. Amma in ka sa yatsa sai ka ji sanyi. Manyansu kuwa suna kai mita 400, kuma in gas ɗin ya yi yawa yakan kama da wuta, kamar yadda na Lokbatan ya yi a 2001. Irin waɗannan tuddai sun kai ɗaruruwa a Azarbaijan, ba ƙasar da ta fi ta yawansu.

To, laka ko taɓo? Laka ita ce ƙasa mai danƙo da magini yake kwaɓawa. Yumɓu kuma na mai ginin tukwane ne. Taɓo shi ne wanda ya ji ruwa ya yi sharkaf, yana kama ƙafa. Abin da ke fitowa daga ramin nan taɓo ne, in ya bushe ya tsattsage ya koma laka. Ni dai "tudun aman taɓo" ya fi kwanta mini. Kada kuma a haɗa da lakar da ke cikin "ba shi da laka a jiki". Wannan ta ƙashin baya ce. A rubuce iri ɗaya, a baki kuwa ta ƙasa ce ake jan wasalinta na farko.

Wata ɗaliba daga Bauchi ta ce malaminsu ya yi maganar mai da gas da ke "yoyo" daga ƙasa, ita kuma ta ji kalmar ba ta zauna ba. Kunnenki ya yi gaskiya, 'yata. Yoyo na abin da aka yi don ya riƙe ruwa ne ya kasa: tulu, rufi, bokiti. Ƙasa ba yoyo take yi ba. In abin yana fitowa kaɗan-kaɗan kamar gumi, tsattsafowa yake yi, irin na kwaltar da ke tsattsafowa a Agbabu ta jihar Ondo. In danshi ne ya ratsa ya bar tabo a bango, naso ne. In da ƙarfi yake tasowa yana motsa ruwa, ɓuɓɓugowa ce, daga nan muka sami maɓuɓɓuga. Ba ki da nisa da misali: ruwan Wikki na Yankari ɓuɓɓugowa yake, da ɗuminsa na kusan digiri 31 rani da damina.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo a Kumasi: mece ce ainihin ma'anar "ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba"? Ranka ya daɗe, karin maganar masu haƙar rijiya ce, ana faɗarta don zaburar da mai kasala: abin nema yana nan, wanda bai yi ƙoƙari ba ne ke cewa babu. Mutanen Sidoarjo da ke gabashin tsibirin Jaba a Indunusiya sun ga wata fuskar maganar. Ranar 29 ga Mayu 2006, taɓo ya ɓarke a gona, tazarar da ba ta wuce mita 200 ba daga rijiyar da kamfanin Lapindo Brantas ke haƙa don neman gas. Shi wannan mai zafi ne, yana tururi, wasu masana na ganin don akwai dutse mai aman wuta a kusa ne. A lokacin da ya fi ƙarfi yana fitar da kimanin kubik mita 180,000 a rana. Ya binne ƙauyuka da masallatai da masana'antu, ya raba dubun-dubatar mutane da gidajensu. Kamfanin ya ɗora laifin a kan girgizar ƙasa da aka yi a yankin birnin Yogyakarta kwana biyu kafin nan, a nisan kilomita 250 ko fiye. Masana da dama sun ce haƙar ce ta huda inda ruwa da gas suke a matse, kuma har yau ana jayayya a kai. In za ku ba jikoki labarin, ranka ya daɗe, karin maganar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita "ruwa ba ya tsami banza" ce. A kan abin da ya tsamar da shi suka rabu.