Fanken tuffa: waje ya ƙone, ciki ɗanye

Ka ce ka sayi tuffa ɗaya a bakin titi, ka tashi tun asuba ka gwada fanken nan da na yi mana ranar Juma'a don Innarka ta karya da shi, sai ya fito baƙi ƙirin a waje, tsakiyarsa kwaɓi, tuffar kuma tana garas-garas a haƙori. Kana tambaya ko fulawar ce ba ta da kyau. To jawo benci ka zauna, ruwan shayin nan da sauransa.

Fulawa ba ruwanta, yaro. Daga buhun da na ɗebar maka na yi nawa. Abu biyu suka kayar da kai: yadda ka yanka tuffar, da wutar da ka sa.

Amma tun daga sunan aka ruɗa ka. Kalmar fanke a bakin Turawa muka are ta, sai muka laƙaba wa wani abu daban, wato wanda mata ke kwaɓawa da yis, ya tashi, su riƙa yanko shi suna jefawa cikin mai tsundum. Shi yana son wuta sosai, yana iyo, mai na dafa shi ta ko'ina. Na Turawa ba ya iyo. Lokacin da nake kuku a wani gida a Bompai, abin da aka fara hana ni ke nan, cika kasko da mai. Ka ɗauke shi ɗan'uwan sinasir: shafa mai kawai ake yi, a zuba ludayi ɗaya, a bar shi ya nuna a hankali. Bambancin, shi ana juya shi.

Yanzu tuffa. Na san yadda ka yi, ka datsa ta gunduwa-gunduwa kamar za ka sa dankali a miya. Kwaɓin nan minti biyu yake buƙata a kowane gefe, gunduwar tuffa kuwa ba ta ko fara laushi a wannan lokacin. Sannan fiye da kashi 80 cikin 100 na tuffa ruwa ne. Da zafi ya taɓa ta sai ta fara tsatsafo ruwan, kwaɓin da ke kewaye da ita ya jiƙe ya ƙi nuna. Kai kuma da ka ga ciki ɗanye sai ka ƙara masa lokaci a kan wuta, waje ya babbake.

Hanya biyu ce. Ta farko, ka fere ta, ka cire ƙwallayen, ka goge ta a abin goga kuɓewa ta ɓangaren manyan ƙofofi, ka ɗan matse a tafin hannu. Kada ka matse ta tas, zaƙin yana cikin ruwan. Abin da ya zubo ma juye shi cikin madarar. Gogaggiyar tuffa tana nuna tare da kwaɓi, kuma guda ɗaya ta isa gida guda. Ta biyu, ka yanka ta fale-fale, ka zuba a kasko da ɗan man shanu da cokali ɗaya na sukari da kirfa, ka juya kamar minti biyar har ta yi laushi ta ɗauki launin zuma, ka sauke ta huce. In ka zuba ludayin kwaɓi sai ka jera yanka uku ko huɗu a kai kafin ka juya. Wannan ta fi daɗi nesa ba kusa ba, ita nake yi wa baƙo. Sai dai tana cin lokaci, kuma gefen da tuffar take yana saurin kamawa saboda sukarin. Kai dai fara da gogawa tukuna.

In ka yanka ka ga ta soma yin ja-ja kafin ka gama haɗa sauran kaya, ba lalacewa ta yi ba, iska ce ta taɓa ta. Matsa mata lemon tsami kaɗan za ta tsaya.

Wace iri ka saya? Ja, ko? Kowa ja yake ɗauka don ta fi kyan gani. Don tuya koriyar ta fi, mai tsamin nan da yara ke yamutsa fuska in sun gatsa. A jikin kwalinta za ka ga an rubuta Granny Smith, asalin irin daga Ostareliya yake. Ba ta narkewa a wuta, kuma tsaminta ne ke tare zaƙin sukari kada abin ya gundure mutum. Yawancin tuffar da kake gani a 'Yan Lemo daga Afirka ta Kudu ake kawo ta, don bishiyar tana son dogon sanyi kafin ta yi fure yadda ya kamata, hunturunmu bai ishe ta ba. Shi ya sa take da tsada. Saboda haka kada ka sayi mai sheƙi. Wadda ta kwana biyu a faranti ta fara yamushewa, mai talla yana neman kai da ita, ita ce taka, muddin ba ta ruɓe ba.

Ga awon, da gwangwanin madara nake yi: fulawa gwangwani 2, madarar da aka dama gwangwani ɗaya da rabi, ƙwai 1, bekin fauda ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 1, narkakken man shanu babban cokali 2, gishiri ɗan tsunkule. Zai ba ka kamar guda takwas. Ka lura da sukarin, cokali ɗaya na ce. Mu masu shayi hannunmu ya saba da zuba sukari ba ƙaƙƙautawa, amma a kasko sukari shi ne ke fara ƙonewa. Zaƙin a sama ake sa shi bayan an sauke. Man shanun kuma kada ka ɗauko wanda aka soya da albasa don tuwo, fankenka zai yi warin miyar kuka.

In kana da nono mai ɗan tsami, ya fi madarar gari ba shi laushi. In kuma za ka sa garin alkamar nan tamu ta Kadawa, raba biyu da fulawa, ka ƙara ruwa kaɗan, don tana shan ruwa kuma tana da nauyi. Ni ina son ɗanɗanonta, yana tuna min funkaso.

Kayan ƙamshi kuwa, kirfa ce uwa, rabin ƙaramin cokali. Ɓawon itace ce, in ka shiga Kurmi ka sayi sandarta ka daka da kanka ka tankaɗe, garin da ya daɗe a leda ƙamshinsa ya tafi. Busasshiyar citta ɗan kaɗan, gyaɗar ƙamshi ka goga sau uku ko huɗu. Kanumfari ƙwaya biyu, ba ƙari. A gidan da na yi aiki na taɓa zuba shi da hannun mai dama kunun zaƙi, matar gidan ta gatsa sau ɗaya ta ajiye cokali, ta tambaye ni ko ciwon haƙori na ga tana yi. Masoro da kimba ka bar wa yaji, ba wurinsu ba ne.

Wajen kwaɓi akwai inda sabo zai cuce ka. Ka saba ganin ana buga ƙullun waina ana buga kwaɓin fanke har hannu ya gaji. Nan akasin haka ake so. Haɗa busassun kaya a kwano ɗaya, ƙwai da madara da mai a wani, ka juye, ka zuba tuffa, ka juya har garin ya ɓace, shi ke nan. Gudaji ƙanana ka ƙyale su, za su baje da kansu. Alkama tana da danƙo, yawan bugu ke tashe shi, shi ake nema a burodi da gurasa, amma a nan sai ya ba ka abu kamar roba. Ka rufe ya huta minti goma. Kada kuma ka kwaɓa tun dare, bekin fauda ba yis ba ce, da ta ji ruwa ta fara aiki, kafin safiya rabin ƙarfinta ya tafi.

Sai wuta. Na tabbata a kan kara ka ɗora, harshen wuta na lasar kasko. Kara ba ya riƙe zafi ɗaya, yanzu ya tashi yanzu ya mutu. Bari icce ya ci ya zama garwashi, ka baje shi, in ya yi ƙarfi ka yayyafa toka. Kasko mai kauri ka nema, na baƙin ƙarfe, ba irin falen nan da ke yin ja nan take ba. Ɗiga ruwa ka gani: in ɗigon ya yi rawa kafin ya ƙafe, daidai ne, in ya ɓace fat ɗaya, wuta ta yi yawa, in ya kwanta shiru, da saura. Shafa mai da tsumma mai tsabta, zuba ludayi ɗaya, ka cire hannunka. Za ka ga ƙofofi suna fitowa a sama. Sai sun fara fashewa sun tsaya a buɗe, gefe ya bushe, sannan ka juya, sau ɗaya tak. Kada ka danna shi da cokali, iskar da ta sa shi laushi kake korewa.

Turawa suna zuba masa wani ruwan zaƙi da ake tatsa daga bishiya, yawanci daga Kanada. Mu zuma muke da ita, kuma ban ga abin da ta rage ba. Ranar da babu kuɗin tuffa, nunanniyar ayaba ta wadatar, ka dame ta da cokali ka rage sukari. Gwanda ce ban yarda ba, ruwa ne zalla.

Kada dai ka ce za mu sa shi a tebur. Mai babur da direban da ke sauri zuwa Kano ba za su tsaya jiran garwashi ba, kuma kuɗin tuffa ba zai fito ba. Abincin gida ne.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da koriya ɗaya, bayan an rage cinkoson safe ka yi a gabana. Na farko zai fito fari-fari ko ya ɗan kama, kullum haka yake kafin kasko ya daidaita, shi za ka ci. Na biyun za ka kai wa Innarka.