Turner: Me ya sa zanensa yake kama da hazo?

Tambaya: Na ga hoton wani mai zane a bayan takardar fam 20 ta Ingila, aka ce mini sunansa Turner. Wane ne shi, kuma me ya sa zane-zanensa suke kamar hazo ya rufe su?

Amsa: Malam, wanda ka gani shi ne Joseph Mallord William Turner, ɗan wani mai aski, wanda aka haifa a Landan a 1775, ya kuma shiga makarantar zane ta Royal Academy yana da shekara 14. Tun 2020 hotonsa yake kan wannan takarda.

Hazon da kake gani ba gazawar hannu ba ce, domin ayyukansa na ƙuruciya sun nuna ya iya fito da gini dalla-dalla. Yawon duniya ne ya sauya masa ido. Kusan duk bazara yakan fita da littafin zanensa. A 1802, da yaƙi tsakanin Ingila da Faransa ya lafa, ya tsallaka Faris da tsaunukan Suwizalan, sannan a 1819 ya isa Italiya, inda hasken rana a kan ruwan birnin Benis ya kama shi har ya sake komawa a 1833 da 1840. Daga nan hankalinsa ya koma kan haske da iska da tururi, jirgi da gada suka zama abin da ake hangowa ta cikinsu, kamar yadda ake hango gari a hazon hunturu.

A ganina, inda wannan salo ya fi tasiri shi ne zanensa na jirgin bayi na 1840, wanda ake dangantawa da ta'asar jirgin Zong ta 1781, lokacin da aka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin teku don a karɓi kuɗin inshora. Sararin sama ya rine ja kamar jini, kuma sai mutum ya ƙura ido sannan zai ga hannaye da sarƙoƙi suna nutsewa. Zanen yana gidan tarihi na Boston a Amurka.

Masu suka na zamaninsa sun yi masa ba'a, amma marubuci mai sharhin zane John Ruskin ya tsaya masa a rubuce tun 1843. Ya rasu a 1851, ya bar wa ƙasarsa zanen fentin mai kusan 300 da dubban zane-zanen takarda, waɗanda mafi yawansu suke gidan adana zane-zane na Tate Britain da ke Landan. Da sunansa ake ba masu fasahar zane lambar yabo ta Turner tun 1984.